Karen Baban Femi

Ɗanmaliki ɗan masunta ne. An haife shi a wata 'yar tunga a bakin kogin Kwara, tsakanin Lolo da Illo, inda idan mutum ya hau tudu da hantsi yana iya hango rufin kwanon gidajen ƙasar Benin. Ubansa da kakansa duk da taru suka ci abinci, shi ma da haka ya fara. Yana da shekara talatin da 'yan kai kwalekwalensa ya kife da shi a wurin da ruwa ke juyi, kafaɗarsa ta dama ta goce. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kafaɗa ta warke a karkace. Daga ranar bai sake iya jefa birgi, wato tarun jifa, ba. Ya zauna wata bakwai yana kallon 'yan'uwansa suna fita ruwa suna dawowa, har zaman ya gundure shi, ya ɗauki matarsa Hajjo da 'ya'yansu mata biyu suka koma Illo.

A Illo ya haɗu da Adeyemi, wani Bayarabe mutumin Ogbomosho da ya zo garin tun yana saurayi. Ba mai kiransa da wannan suna, kowa Baban Femi yake ce masa. Yana da shago kusa da tasha, yana gyaran injin niƙa da injin ban-ruwa, yana kuma sayar da kayan gyaransu. Gajere ne mai tumbi, Hausarsa ta mutanen wurin ce sak, yana jin Dandanci, yana kuma iya ciniki da Faransanci idan mutanen Madekali suka ƙetaro daga Benin da injinsu. Ya ɗauki Ɗanmaliki don ya riƙa wanke ƙarafa da kananzir. Kafin shekara ta zagayo Ɗanmaliki ya iya kwance inji ya mayar, kafin shekara uku makullin shagon a aljihunsa yake kwana.

Shekara goma sha huɗu suka yi tare. In Baban Femi zai tafi Legas sarin kaya, ba ya ƙirga komai, sai dai ya ce, "Maliki, ga shago nan." In aka kira sallah yakan kashe injin da yake gwadawa, ko da mai injin yana tsaye yana sauri. Da rana matarsa Folasade takan aiko da abinci a babban kwano, su zauna ƙarƙashin rumfa su sa hannu tare. Ɗanmaliki ya koyi cin amala, Baban Femi ya koyi shan fura. Ɗanmaliki ba mai yawan magana ba ne, kuma ba shi da wani abin alfahari a duniya da ya wuce wannan kwanon. In ya koma tunga ziyara, 'yan'uwansa suna nuna masa sabon jirgi ko sabon taru, shi kuwa abin da yake da shi na faɗa shi ne, "Maigidana ba ya cin abinci sai na zauna."

Akwai kuma mage. Ɗanmaliki ne ya kawo ta daga tunga tun tana ƙanƙanuwa, a cikin aljihun rigarsa, saboda ɓeraye sun addabi belin injuna. Toka-toka ce mai zane a baya. Mussa kawai yake kiranta, yadda mutanen wurin ke kiran kowace mage. Ɓera take ci, sai ɗan abin da ya rage a gindin kwano, kuma in rana ta yi zafi a kan ƙafarsa take barci.

Shekarar da aka fara maganar Shari'a, labarin abin da ya faru a wasu garuruwa ya riƙa shigowa ta rediyo. A Illo ba wanda ya ɗaga wa wani hannu, amma tsoro ya shiga mutanen kudu. Wasu suka rufe shaguna suka ɗaure kaya. Folasade ta ɗauki autarsu Eniola ta tafi Ogbomosho, ta yi ta roƙon mijinta ya biyo su, ya ce shi ba inda za shi.

Ranar da motarsu ta tashi, Ɗanmaliki ya same shi zaune a kan benci ya yi tagumi.

"Maigida," ya ce, "wanda duk ka son taɓa ka cikin garin ga, sai ya fara bi ta kaina. Ka ji na hwaɗa maka."

Baban Femi ya kama hannunsa ya riƙe. Ɗanmaliki ya kwashe wata biyu yana shimfiɗa tabarmarsa a ƙofar gidan, ba wanda ya sa shi. Hajjo ce ta karɓi girkin rana, kwano ya ci gaba da zuwa rumfa.

A cikin wata na uku Femi ya zo. Shi ne babban ɗan gidan, yana aikin fito da motoci a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Ya tsayar da motarsa a gaban shago, ya buɗe ƙofar baya, wata dabba ta diro. Ɗanmaliki ya ja da baya har ya taka farantin kananzir. Kare ne, amma ba irin karnukan mafarauta masu haƙarƙari a waje ba. Wannan tsayinsa ya kai ɗan maraƙi, baƙi ne a baya, ja a ƙirji, kunnuwa a tsaye, wuyansa da sarƙa.

"Sunansa Kaftin," in ji Femi. Da Hausa ya yi maganar don kowa ya ji. "Baba, tunda ka ƙi tahiya, yanzu hankalina ya kwanta. Ka samu mai tsaronka."

Ɗanmaliki yana tsaye da sifana a hannu. Ya dubi Baban Femi yana jira ya ce ai yana da mai tsaro tun tuni. Baban Femi kuwa ya durƙusa a gaban karen, yana shafa kansa yana dariya irin wadda bai yi ba tun da matarsa ta tafi.

Kafin Femi ya koma ya zaunar da su ya yi musu bayani. Wanda ya sayar masa da karen ya ja masa kunne cewa irin wannan kare ba ya cin tuwo, ba ya cin shinkafa, ba ya cin abin da aka dafa. Ɗanyen nama ne abincinsa, jar tsoka kilo guda kullum. Sau biyu a mako a ƙara masa hanta da ɗanyen ƙwai, a riƙa ba shi ƙashi mai ɓargo. Da yake ba wutar da za ta riƙe firji, sai dai a sayo sabo kowace safiya. Ya juyo wajen Ɗanmaliki ya ce, "Baba Maliki, kai za ka riƙa sayowa, kai ka san nama."

Haka ya zama aikinsa na farko kowace rana. Kafin ya buɗe shago sai ya je rumfar Bilyamin mahauci, ya tsaya a cikin masu sayen nama. Mata suna aiko da kuɗin ƙashin miya, masu abinci suna sayen kayan ciki, shi kuwa sai Bilyamin ya ɗago cinya ya yanko masa inda ya fi kyau.

"A ba wakilin Kaftin hanya!" Bilyamin yakan ce da ƙarfi. "Yau mi ranka ya daɗe ka sha'awa? Cinya ko gadon baya?"

Mutane su yi dariya. Ɗanmaliki ya karɓi ƙunshin ya tafi. Naman yana da ɗumi a hannunsa, jini yana ɗiga ta gindin takarda. Ranar da ba a yi yanka a Illo ba sai ya hau keke har Lolo ko Tsamiya. A gidansa kuwa, in ba Layya ba ko suna, abin da ke shiga miya busasshen kifi ne da 'yan'uwa ke aiko masa.

Hajjo ce ta fara faɗin abin da yake ta gudun ya lissafa. Tana tankaɗen gari ta tambaye shi nawa ne naman kullum. Ya ce ɗari da hamsin. Ta ajiye rariya ta shiga lissafi da yatsu.

"Ashe karen ga ya hi ka albashi, Malam."

"Ke kika sani," ya ce, ya tashi ya fita.

Maganar ta zauna masa, amma ba ita ce ta fi ci masa rai ba. Shi bai taɓa ganin albashinsa ya yi kaɗan ba. Abin da ya fi damunsa yana faruwa ne da rana, ƙarƙashin rumfa. Kwano yana zuwa kamar da, amma Baban Femi ba ya zama sai ya ga Kaftin ya ci. Yakan ɗauki wuƙa ya yayyanka naman da kansa, ya riƙa miƙa wa karen yanka ɗaya-ɗaya, yana yi masa magana da Yarbanci. Doguwar magana, mai hawa da sauka, wani lokaci har da dariya, wani lokaci murya ta yi ƙasa kamar mai ba da labarin abin da ke damunsa. Ɗanmaliki yana zaune gaban tuwo yana hucewa, ba ya jin ko kalma ɗaya. Shekara goma sha huɗu yana zaton ya san duk abin da ke cikin mutumin nan. Yanzu ga shi yana zazzage cikinsa ga dabba, da harshen da shi bai iya ba.

Wata rana ya kasa daurewa ya ce, "Mi kaka hwaɗa mishi haka kullum?"

"Ba komi, Maliki. Zancen gida na."

Ɗanmaliki ya sa hannu a tuwo ya ci shi kaɗai.

Sai kuma Mussa. Da farko in ta hango karen sai ta haye saman kanta ta yi ta huci. A hankali ta gane cewa inda Baban Femi ke yanka nama ana samun 'yan guntaye. Ta fara raɓowa. Baban Femi ya jefa mata kitse, gobe ya jefa mata ɗan yankin hanta. Kafin wata biyu ta daina kallon gindin kwano, ta daina farautar ɓera, gashinta ya yi sheƙi, ta yi ƙiba. In rana ta yi zafi sai ta je ta kwanta a jikin karen, tsakanin ƙafafunsa na gaba. Ɗanmaliki ya kira ta, ya murza yatsu, ta buɗe ido ɗaya ta dube shi ta mayar ta rufe. Baban Femi ya ga abin ya burge shi, ya ce a riƙa ƙaro hantar naira ashirin saboda ita. Ɓeraye suka dawo suka cinye bel guda uku a mako ɗaya, aka sayo maganin ɓera.

A lokacin nan kowa a gari yana tambayar malamai abin da ya halatta da abin da bai halatta ba. Mai shago yana tambaya kan mudu, mai kabu-kabu yana tambaya kan ɗaukar mata. Wata Juma'a bayan an sauko, Ɗanmaliki ya bi Malam Hassan, limamin unguwarsu, har zaurensa. Ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya fito da tambayarsa. Shin ya halatta Musulmi ya riƙa ɗaukar nama, halattaccen yanka, yana kai wa kare? Yana tambayar yana addu'a a zuci a ce masa haramun ne. Har ya shirya yadda zai je ya gaya wa Baban Femi, cikin ladabi, cewa ba laifinsa ba ne, malamai ne suka hana.

Malam Hassan ya tambaye shi ko karen na tsaro ne. Ya ce haka aka ce. Malam ya ce to ajiye kare don tsaro ba laifi, kuma wanda ya ciyar da dabba mai jin yunwa yana da lada. Ya dai kula da tsarkin jikinsa da tufafinsa kafin sallah.

"Amma Malam, kilo guda kullum. Ga mutane nan ba su samu ba."

"Wannan tsakanin mai dukiya da dukiyarsa ne, kai aike aka yi ka." Malam ya dube shi ta saman tabarau. "Ko akwai wani abu, Ɗanmaliki?"

Ya ce babu. Ya fito zauren da haushi biyu, na kare da na malam.

Shekara biyu aka yi a haka. Gari ya lafa, wasu daga cikin waɗanda suka tafi suka dawo, amma Folasade ta zauna can saboda makarantar Eniola. Kasuwa kuma ta fara juya wa shagon baya. Wasu ƙananan injunan ban-ruwa masu araha suka fara shigowa ta boda, manomi in nasa ya lalace sai ya jefar ya sayi sabo. Nama kuwa kullum hawa yake. Abin ɗari da hamsin ya koma ɗari biyu da hamsin. Baban Femi ya daina sayen lemon kwalba, ya daina ɗinka sabuwar riga da Kirsimeti. Wata safiya Ɗanmaliki ya shigo da ƙunshin nama ya tarar da shi yana shan garin kwaki da ruwa, ko sukari babu. Tumbin nan duk ya zube.

Abin ya ba shi tausayi, ya kuma ƙara masa haushi. Mutum ya bar cikinsa da yunwa saboda kare. Ya tambayi kansa ko akwai ranar da Baban Femi zai sha garin kwaki saboda shi, bai sami amsar da ta yi masa daɗi ba.

"Maigida, a gwada mishi kihi mana. Ko tuwo. Karnukan tunga da shi suka rayuwa."

"Femi ya ce cikinai ba ya ɗauka."

"Femi na Kwatano. Mu muna nan."

"Bari dai, Maliki."

Ɗanmaliki bai bari ba. Wata Laraba Baban Femi ya tafi Bahindi duba injin niƙan wani mutum. Ɗanmaliki ya sayo nama kamar kullum ya rataye shi a ƙusa. Sannan ya ɗauko ɗumamen tuwon dawa da ya sa Hajjo ta ƙunsa masa, ya marmasa shi da kan tarwaɗa da romo, ya tura wa karen da ƙafa. Kaftin ya shinshina sau ɗaya. Kafin Ɗanmaliki ya gyara tsayuwa ya cinye, ya lashe kwanon, ya bi shi da hanci har bakin rumfa yana neman ƙari.

Ɗanmaliki ya yini cikin farin ciki. Yana wanke ƙarafa yana duban karen ko zai yi amai, bai yi ba, sai barci da ya yi har da minshari. Da la'asar Baban Femi ya sauka daga kabu-kabu, Ɗanmaliki ya tare shi tun bai shigo ba, ya nuna masa naman a rataye, ya nuna masa kwano fes.

"Ka gani? Tuwo yac ci, lahiya lau. Kare na kamar kowane kare. Ga namanka nan, a kai ma Hajjo ta dahwa maka, ka ci ka ji daɗin jikinka."

Ya zaci za a yi dariya. Fuskar Baban Femi ta canza. Ya wuce shi ya je ya durƙusa, ya buɗe bakin karen, ya latsa cikinsa, ya duba idanunsa. Sannan ya miƙe.

"Wa yac ce ka ba shi?"

"Ba kowa. Na ga dai..."

"Wa yac ce ka ba shi? Ɗana ya kawo min abu, ya hwaɗi yadda za a yi da shi, kai kuma ka jira na juya baya! In ya mutu mi za ni ce ma Femi? Tun randa karen ga ya zo ba ka son shi, kana tsammani ban gani ba?"

Akwai mutum uku a rumfar suna jiran gyara, duk suka sunkuyar da kai. Tun da suke tare Baban Femi bai taɓa ɗaga masa murya ba. Ɗanmaliki ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin shago ya ajiye a kan benci, ya wanke hannunsa da kananzir, ya goge da tsumma, ya ɗauki kekensa. Ya yi tafiyar a hankali, yana tura keken da hannu har kwanar tasha, don in an kira shi ya ji. Ba a kira shi ba.

Bayan kwana goma ya kwashe iyalinsa suka koma tunga. 'Ya'yan sun riga sun yi aure, shi da Hajjo ne kawai. Ƙanensa ya ba shi tsohon kwalekwale. Da yake ba ya iya jifa, sai ya koma kafa gura, tarkon kifi na saƙa, da zuba mamari, igiya mai ƙugiyoyi, abin da hannu ɗaya da rabi zai iya, yana kuma ɗinke wa mutane taru. Suna samun na tuwo. Bai sake taka Illo ba, amma duk wanda ya dawo daga can sai ya san yadda ya yi ya ja shi da hira har a zo kan shagon. Aka ce masa Baban Femi da kansa yake zuwa wurin Bilyamin yanzu. Aka ce ya koma sayen rabin kilo da kayan ciki. Aka ce ya sayar da babban injin walda. Kullum Ɗanmaliki yana jira a ce ya tambaye shi, ba wanda ya taɓa cewa haka, shi kuma bai yarda ya tambaya ba.

Shekara ɗaya da rabi bayan nan, da hantsi, yana zaune a gindin mangwaro yana ɗinkin taru, sai ga Femi a bayan kabu-kabu. Ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce Baba ya faɗi a shago kwana shida da suka wuce, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. An kai shi asibiti an dawo, yau za su wuce da shi Ogbomosho. Magana ba ta fita sosai, amma tun jiya yake maimaita suna ɗaya.

Ɗanmaliki bai tsaya canza riga ba. A bayan babur, iska tana dukan fuskarsa, zuciyarsa tana ta tsara abin da zai ce. Zai ce ya yafe. Zai ce shi ma ya yi kuskure.

Ya tarar an riga an kwantar da Baban Femi a kujerar bayan mota, an tokare shi da matasai. Ya rame, bakinsa ya karkace. Da ya ga Ɗanmaliki idanunsa suka ciko. Ya ɗaga hannun hagu ya kama rigarsa ya jawo shi kusa. Ɗanmaliki ya sunkuya ya kai kunne.

"Maliki," ya ce da ƙyar. "Kaftin. Kai. Kai kaɗai."

Femi ya yi bayani. Ba wuri a mota, can gida kuma ba mai iya kula da shi. Wani jami'in boda ya so ya saya, Baba ya ƙi. Ya ce ba wanda zai bar wa karen nan sai mutum ɗaya.

Ɗanmaliki ya miƙe tsaye. Bai san ko daɗi zai ji ba ko baƙin ciki. An tuna da shi, an aiko har tunga an ɗauko shi, an ce duk garin shi kaɗai aka yarda da shi. Kuma duk saboda kare. Aka kawo Kaftin bakin mota, ya sa kai ta taga, Baban Femi ya rungume wuyansa da hannu ɗaya yana kuka, yana yi masa Yarbancin da ya rage a bakinsa. Sun daɗe a haka har direba ya yi tari. Shi Ɗanmaliki hannu aka ba shi, aka matse, mota ta tashi. Magen ma an neme ta an rasa, aka ce tun ranar da aka daina yanka nama a rumfa ta koma bayan rumfar Bilyamin.

Ya ja karen da sarƙa har tunga, a ƙasa, yara da manya suna fitowa kallo. Hajjo ta tsaya a ƙofar gida ta riƙe haɓa.

"Malam, abin da ya kore ka shi ka jawo muna?"

"Amana ta," ya ce. "Kawo ruwa."

Kwana huɗu Kaftin bai ci komai ba. Yana kwance a gindin mangwaro, kansa a kan ƙafafu, yana kallon hanyar Illo. Aka ba shi tuwo ya kau da kai. Ɗanmaliki yana ɗinki yana satar kallonsa, yana jin wani sabon haushi, don shi ma abincin ba ya shiga, amma shi dole ya zauna gaban kwano ya nuna ba komai. A rana ta biyar ya ɗago gura ya sami ƙatuwar tarwaɗa, irin wadda mata masu banda ke rububi. Ya fasa ta, ya zare ƙaya, ya yanka ɗanya ya ajiye a gaban karen. Kaftin ya ci. Daga ranar kifi ya zama abincinsa, ɗanye, wani lokaci da tuwo, kuma Hajjo ba ta fasa mita ba duk ranar da ta ga kifin kasuwa ya tafi gindin mangwaro.

A shekarar ne waya ta fara kamawa a Lolo, layin Benin ne ke tsallakowa. Wani mai shagon magani yana da ita, ana kira a biya. Femi ya aiko da saƙo cewa duk Lahadin farkon wata, bayan sun dawo coci, za su kira, Ɗanmaliki ya zo ya jira. Maganar Baban Femi ta ɗan dawo. Ɗanmaliki yakan sa rigarsa mai kyau, ya tafi tun da wuri, ya zauna a benci da karen a gefensa, don an ce ya riƙa zuwa da shi. In waya ta yi ƙara mai shago ya miƙo masa, ya riƙe ta da hannu biyu.

"Maliki."

"Na'am, Maigida. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Kaftin hwa? Yana ci?"

"Yana ci."

"Mi yaka ci?"

"Kihi. Ɗanye."

"To. Sa min shi."

Ɗanmaliki ya durƙusa a gaban mutane ya kara wayar a kunnen kare. Kaftin ya miƙe, kunnuwa su tsaya, ya riƙa kuka ƙasa-ƙasa yana kaɗa bindi, muryar tsohon tana fitowa siririya da Yarbanci. Ɗanmaliki yana riƙe da wayar har kafaɗarsa mai ciwo ta gaji ya canza hannu. In an gama Femi ya karɓa ya yi godiya, ya ce a gaida Mama Hajjo, layi ya katse.

Shekara uku ana wannan kira. Wata Lahadi ya dawo gida da azahar, Hajjo ta tambaye shi ya mai jiki.

"Ya ji sauƙi," ya ce. Ya cire rigar ya rataye. "Yau ya tambayi kahwaɗata."

"To, madalla."

"Bayan ya gama da wancan," ya ce, ya nuna karen da haɓa.

Ya ɗauki wuƙa da ƙwarya ya fita gindin mangwaro. Kifin kurungu ne aka samu ranar, mai mugun ƙaya, ya zauna ya daɗe yana zarewa.